Waƙar Duba da Ƙaddara a Wurin Mutanen Viking

Mutanen da tarihi ya sani da sunan Viking, wato mazauna Denmak da Norwe da Suwidin waɗanda suka yi tashen fatauci da kai hari ta teku tsakanin shekarun 793 da 1066, sun yi imani cewa ajalin kowane mai rai a yanke yake, har da na allolin da suke bauta wa. Masu yanke shi a ganinsu su ne Norn, wasu mata uku masu suna Urd da Verdandi da Skuld, da ke zaune a bakin rijiya ƙarƙashin Yggdrasil, itacen da aka ce shi ke riƙe da duniyoyi. Tun da ƙaddara ba ta sakuwa, abin da ya rage wa mutum shi ne ya nemi saninta, kuma wannan aikin volva ne, wato bokanya mai riƙe da sanda, wadda ke duba ta hanyar tsafin da ake kira seid, ana rera mata waƙa.

Mafi shaharar abin da ya tsira na wannan fanni shi ne Voluspa, waƙar da wata volva ke ba Odin, babban allansu, labarin farkon duniya da ƙarshenta. Ita ce ta buɗe kundin fata da aka rubuta a tsibirin Aislan wajen 1270, kusan shekaru 270 bayan tsibirin ya karɓi Kiristanci. Kundin ya shiga hannun wani bishop mai suna Brynjolfur Sveinsson a 1643, aka kai shi kyauta ga sarkin Denmak a 1662, kuma bai koma Aislan ba sai 1971. A cikin waƙar an faɗi Ragnarok, yaƙin ƙarshe da kyarkeci Fenrir zai kashe Odin, allansu Tor kuma ya kashe macijin da ya kewaye duniya sannan ya yi taku tara ya faɗi matacce, kafin wata sabuwar ƙasa ta ɓullo daga teku. Abin lura a nan shi ne sanin gaibu bai amfani Odin da komai ba, domin ya ji yadda zai mutu amma ya ci gaba da tara mayaƙan da suka faɗi a fagen fama a fadarsa ta Valhalla, yana shirin yaƙin da ya san ba zai ci ba. A wurin mutanen nan jarunta ita ce tarar ajali ba tare da ja da baya ba.

Yadda ake gudanar da duba kuwa, cikakken bayaninsa yana cikin Labarin Erik Ja, wanda aka rubuta a ƙarni na 13 a kan abubuwan da suka faru a Girinlan wajen shekara ta 1000. Yunwa ta addabi jama'a, sai wani manomi ya gayyato bokanya Torbjorg, ta zo sanye da alkyabba mai ado da duwatsu da safar hannu ta fatar kyanwa, aka ciyar da ita zukatan dabbobi, aka zaunar da ita a kan dandamali mai tsawo. Aikin ya tsaya cik saboda rashin matar da ta iya vardlokkur, waƙar kiran iskoki, har sai da wata Kirista mai suna Gudrid, wadda ta koye ta wurin mariƙiyarta a Aislan, ta amince bayan ta yi ta noƙewa. Da ta rera, bokanyar ta ce yunwa za ta kau da bazara, kuma Gudrid za ta haifi zuriya mai daraja. Marubucin bai kawo ko baiti ɗaya na waƙar ba, kuma masana suna yin hattara da labarin, ganin cewa Kirista ne ya rubuta shi, zuriyar Gudrid kuma ta haɗa da bishop-bishop na Aislan. Sai dai tonon ƙasa ya ɗan mara masa baya, domin a Fyrkat ta Denmak an sami kabarin wata mata ta ƙarni na 10 da aka binne da sandar ƙarfe da ƙwayoyin wani tsiro mai gusar da hankali.

Karin muryar waƙoƙin ya ɓace gaba ɗaya, saboda mutanen ba su da hanyar rubuta kiɗa. Ɗaya daga cikin 'yan shaidun da suka ji da kunnensu shi ne Ibrahim ibn Yaƙub al-Turtushi, matafiyi daga Andalus da ya ziyarci garin Hedeby a ƙarni na 10, wanda ya ce bai taɓa jin waƙa mai muni kamar tasu ba, ya kuma kwatanta ta da gurnanin karnuka. Wannan hukuncin baƙo ne, ba bayanin kiɗa ba.

A kan wannan giɓi mawaƙan zamani suka yi gininsu. Einar Selvik ya kafa ƙungiyar Wardruna a Norwe a 2003, ta fitar da faifanta na farko a 2009, ta kuma sami suna a duniya ta hanyar wasan talabijin mai suna Vikings da aka fara nunawa a 2013. A faifan Skald na 2018 Selvik ya rera wasu baitocin Voluspa da tsohon harshen da aka rubuta su. Yana kaɗa molon Kravik da tagelharpa, wani abin kiɗa mai tsirkiyar gashin doki irin ta goge. Ƙungiyar Heilung, wadda Kai Uwe Faust na Jamus da Christopher Juul na Denmak suka fara a 2014 sannan Maria Franz ta Norwe ta shigo, tana ɗauko kalmominta daga tsofaffin rubuce-rubucen da aka sassaƙa a duwatsu da makamai, tana kuma shirya dandamalinta kamar wurin tsafi, da ƙahonin barewa da ƙasusuwa da manyan ganguna. Amma rera waƙa da maƙogwaro da ake ji a irin wannan kiɗan, wadda masu saurare da yawa suka ɗauka muryar Viking ce, an fi saninta da mutanen Tuva da Mongoliya, kuma Selvik da kansa ya sha faɗin cewa sabon abu yake ƙirƙira da tsofaffin kayan aiki. Saboda haka baitocin Voluspa gadon gaske ne da ake iya karantawa a kundin da ke ajiye a birnin Reykjavik, amma sautin da ake ɗora musu a yau ƙagen ƙarni na 21 ne.