Asalin Kalma: Balaga

Kalmar balaga, wadda Bahaushe ya riƙe har ta zame masa tamkar gadon kaka, daga Larabci ta fito, daga tushen da ma'anarsa ita ce isa ko kaiwa ga wani matsayi; shi ne kuma tushen da ya haifi tablig, wato isar da saƙo, da ilmin balaga na masu fasahar zance, domin mai fasaha maganarsa takan isa zuciya. Saboda haka idan an ce yaro ya balaga, ko yarinya ta zama baliga, ana nufin sun iso haddin da shari'a ke ɗora musu salla da azumi, sun zama mukallafai.

Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil, sun ƙidaya alamominta: mafarki, da haila, da ɗaukar ciki, da tsirowar gashin gaba, in kuwa babu ɗaya daga cikinsu, sai cikar shekara 18. Ba su ɓoye wannan ga almajirai ba, tun daga littafin Ahalari ake karantar da janaba da wanka da jinin haila.

Abin da ke damuna shi ne, a gidaje da yawa kunya ta sa an maye gurbin kalmar da "ta girma" ko "ya yi hankali", har yarinya takan ga jinin farko cikin firgici, ba uwa ba goggo da ta taɓa yi mata bayani, alhali Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukunce-hukuncen tsarki da salla.