Tarihin Dokar Hayaƙin Sharar Asibiti

Duk wanda ya saba zuwa ɗakin shan magani ya san akwai wani wuri can bayan gini, ko rami ko ɗan tanderun bulo, inda a ke ƙone tsohon bandeji da auduga da allurar da aka riga aka yi aiki da ita. Dalilin ƙonewar a fili ya ke. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma abin da ya zama toka yaro ba zai tsinta ya yi wasa da shi ba. Shekara da shekaru a kan wannan likitocin duniya su ke, ba mai tambayar inda hayaƙin ke tafiya. Yau ina so in ba ku labarin yadda Gwamnatin Amurka ta zo ta sa wa hayaƙin nan doka, domin labarin ya shafe mu.

Daga bakin teku maganar ta taso. Cikin 1987 da 1988, lokacin zafi, teku ya yi ta watso allurai da kwalaben jini a gaɓar jihohin Niyu Jasi da Niyu Yok, wurin da mutane ke zuwa wanka da 'ya'yansu. Lokacin nan kuwa tsoron ciwon ƙanjamau ya cika ƙasar. Aka rufe wuraren wankan, masu sana'a a can suka yi hasara mai yawa. Cikin 1988 Majalisa ta yi doka cewa a waɗansu jihohi a riƙa bin sawun sharar asibiti tun daga inda ta fito har inda aka hallaka ta. Asibitoci da yawa suka ga ba abin da ya fi musu sauƙi kamar su tura kome a wuta.

To, sharar asibiti ta zamanin nan ba irin ta dā ba ce. Dattawanmu sun san lokacin da sirinji na kwalba ne, a dafa shi a sake aiki da shi. Daga baya roba ta shigo. Ledar ƙarin ruwa, da ta ƙarin jini, da 'yan bututun da ke haɗe da su, da yawansu da wata irin roba a ke yi wadda a ke kira PVC, tana kuwa ɗauke da sinadarin kulorin. In aka ƙone irin wannan a wuta mai rauni, wadda ke cin kaya a hankali tana tuƙa baƙin hayaƙi, sai wata guba ta haifu wadda masana ke kira dayoksin. Ku lura da halinta, don shi ne tushen maganar duka. Ba ta sa mutum ya faɗi nan take. Takan sauka bisa ciyawa da ƙasa, saniya ta ci, kaza ta tsattsaga, ta taru cikin kitsensu, ta biyo nono da nama da ƙwai ta shiga jikin mutum, ta zauna shekaru ba ta fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutane ta abinci ya ke shiga. Yana cutar ɗan da ke ciki, kuma cikin 1997 aka lissafta mafi muninsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. Ban da shi akwai zaiba, watau ruwan nan mai ƙyalli kamar azurfa da ke cikin ma'aunin zafin jiki na dā. Ita wuta ba ta kashe ta, tashi ta ke yi ta bi iska.

Cikin 1990 Majalisar Amurka ta gyara dokarta ta tsabtar iska, ta umarci Hukumar Kare Muhalli ta tsara ƙa'ida a kan tanderun ƙona shara. Hukumar ta yi jinkiri. Cikin 1994 ita da kanta ta fitar da bincike wanda ya sa tanderun asibiti a sahun gaba na masu watsa dayoksin cikin iskar ƙasar. Abin kunya ne ƙwarai a ce gidan magani shi ke rarraba guba ga maƙwabta. Duk da haka sai 1997 ƙa'idar ta fito, shekara bakwai ke nan bayan umarni. Ta sa iyaka a kan abu tara da ke fita ta bututun hayaƙi, cikinsu da dayoksin da zaiba da darma da ƙurar toka. Ta ce mai kula da wutar sai wanda aka koya wa aikin, kuma kowane asibiti ya tsara yadda zai ware shararsa tun kafin ta kai bakin wuta. An ɗan sassauta wa ƙananan tanderun ƙauye, waɗanda ke nesa da babban birni fiye da mil 50. Masu fafutukar kare muhalli suka kai ƙara cewa ƙa'idar ta yi laushi, kotu ta mayar wa hukumar da ita cikin 1999, aka tsananta ta cikin 2009.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki. Cikin 1997 akwai irin wannan tanderu wajen 2,400 a Amurka. Zuwa 2009 saura 57. Kayan tace hayaƙi suna da tsada, saboda haka yawancin asibitoci ba su gyara nasu ba, rufe su suka yi. Waɗansu suka koma turara shara cikin babbar tukunyar ƙarfe mai murfi, tururi ya kashe cutar, sa'an nan a binne. Waɗansu suka riƙa ba manyan kamfanoni su ɗebe su ƙone. Wannan ma bai rasa tasa matsalar ba, don hayaƙin ya taru a kan unguwanni kaɗan. Cikin 2014 jihar Yuta ta ci wani kamfani tarar dala miliyan 2.3 saboda ya wuce iyaka.

Maganar ba ta tsaya a Amurka ba. Cikin 2001 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Istokholm, babban birnin Suwidin, a kan rage irin waɗannan guba, Nijeriya da Nijar duk suna ciki. Ƙa'idar ƙasashen Turai ta 2000 ta ce zafin wutar ya kai digiri 850, ku tuna ruwa a digiri 100 ya ke tafasa. Wutar rami da ƙaramin tanderun da aka cusa wa jiƙaƙƙen kaya ba su kusa da wannan. Wajen kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti kuwa shara ce kamar ta gida, takarda da kwali da ragowar abinci. Shi ya sa za ku ga malamin asibiti yana jefa allura cikin akwatin kwali na dabam, yana hana ku zuba ɓawon lemo cikin bokitin bandeji. Kada ku ji haushinsa. In kun ga an kunna wuta a bayan ɗakin shan magani, ku ɗauke yara daga inda iska ke kai hayaƙin, kada a bar awaki da kaji su yi kiwo wurin, kuma kada kowa ya ɗebi tokar ya kai gona da sunan taki.