Balsam na Peru: Ƙaron da Ya Ari Sunan Wata Ƙasa

A kudancin El Salvador, tsakanin tashar jiragen ruwa ta Acajutla da ta La Libertad, akwai jerin tsaunuka masu fuskantar Tekun Fasifik da ake kira Gaɓar Balsam. Daga nan ne mafi yawan ƙaron da masu haɗa turare ke kira balsam na Peru yake fitowa, alhali tsakanin wurin da ƙasar Peru akwai tafiyar fiye da kilomita 2,000. Bayanin da aka fi karɓa shi ne, a zamanin mulkin Sifaniyawa akan kai kayan wannan gaɓa Callao, tashar birnin Lima, daga can su wuce Turai. Fataken Turai suka laƙaba wa kaya sunan tashar da suka sani, sunan kuwa ya zauna.

Bishiyar, wadda masana tsirrai ke kira Myroxylon, dangin wake ce, ko da yake tana yin tsawo ƙwarai. Ba ta zubo da ƙaronta don kanta. Sai an yi mata rauni. Ma'aikaci yakan ɗaye wani yanki na ɓawonta, ya babbaka wurin da wuta, ya manna tsumma ya bari. Bayan kwanaki, idan tsumman ya sha ya ƙoshi, sai a tara shi a dafa cikin ruwa, a matse da igiya. Da yake balsam ya fi ruwa nauyi, sai ya kwanta a gindin tukunya, baƙi-baƙi mai kauri kamar zuma, da ƙamshi mai kama da na banila da kirfa. Da rani ake yawaita aikin. Mutanen Pipil, 'yan asalin yankin, sun san wannan ƙaro suna magani da shi tun kafin rundunar Pedro de Alvarado ta shigo ƙasarsu a 1524.

Abin da ya ɗaga darajarsa a Turai ba turare ba ne da farko, addini ne. Man keɓewa da Cocin Katolika ke amfani da shi wajen baftisma da naɗa limamai haɗin man zaitun ne da balsam, kuma ɗaruruwan shekaru balsam ɗin da aka fi yarda da shi daga lambu guda yake zuwa: lambun Matariyya, kusa da Alƙahira, wanda Kiristoci ke dangantawa da zaman Maryamu da ɗanta Isa a Masar. Sarakunan Mamluk sun riƙe lambun da hannu biyu, suna aika ɗan abin da ya samar a matsayin kyauta ga sarakunan Kirista. Lambun ya lalace a ƙarshen ƙarni na 15, aka sake dasa shi, amma bai koma yadda yake ba; a farkon ƙarni na 17 bishiyarsa ta ƙarshe ta mutu. Ana cikin wannan ƙarancin ne ƙaron Sabuwar Duniya ya iso. Nicolás Monardes, likitan birnin Seville da ya fara wallafa littafinsa kan magungunan Amurka a 1565, ya ruwaito cewa an taɓa sayar da oza ɗaya a Rum kan dukat 100, kafin yawansa ya karya farashin. A 1571 Fafaroma Pius na Biyar ya ba limaman Sabuwar Duniya izinin sa shi a man keɓewa a madadin na Masar.

Daga coci ya shiga kantin magani. An yi ta shafa shi a kan gyambo da ƙuna, kuma a ƙarni na 19 ya zama sanannen maganin ƙazwa. Wannan ba camfi ba ne, domin ɗaya daga cikin manyan sinadaransa, benzyl benzoate, har yau da shi ake kashe ƙwayar ƙazwa, sai dai yanzu a masana'anta ake haɗa shi. (Ɗan'uwansa balsam na Tolu ya fi shi sa'ar suna: daga garin Tolú na Kolombiya yake, kuma daga gare shi ne sinadarin toluene ya samo sunansa.)

Wannan sinadarin ne kuma sirrin aikinsa a turare. Ƙamshi ba ya isa hanci sai ƙwayoyinsa sun tashi sun bi iska, kuma ba dukkansu ne ke tashi da sauri ɗaya ba. Babban sinadarin man ɓawon lemo yana tafasa a wajen digiri 176 a ma'aunin Salsiyos, shi ya sa ƙamshinsa ba ya daɗewa a fata. Benzyl benzoate sai ya haura digiri 320 kafin ya tafasa. Idan aka gauraya mai saurin tashi da mai nauyi, mai nauyin yakan rage wa ɗan'uwansa gaggawa, turaren ya daɗe, kuma ƙamshinsa ya riƙa buɗewa a hankali maimakon ya watse gaba ɗaya. Balsam na Peru ya haɗa wannan aiki da ƙamshi mai ɗumi na kansa, wanda ke jituwa da fure da sandal. Turaren Faransa masu nauyi na farkon ƙarni na 20 a kan irin waɗannan ƙaro aka gina su.

Faɗuwarsa daga wajen likitocin fata ta zo. A 1961 wani likita ɗan Denmark, Niels Hjorth, ya wallafa bincike mai zurfi kan yadda balsam ke haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje ga wasu mutane. Sinadaran da ke jawo hakan suna da 'yan'uwa a kirfa da kanumfari da ɓawon lemo, don haka wanda jikinsa ya ƙi balsam sau da yawa yakan ƙi wasu turaruka da dama. A 1982 ƙungiyar masana'antun turare ta duniya, IFRA, ta hana amfani da ɗanyensa. An bar wanda aka tace kawai, shi ma a ɗan ƙanƙanin ma'auni. Wani abin mamaki shi ne, illar tasa ce ta sama masa sabon aiki: a asibitocin fata na Turai da Amurka, yana cikin jerin abubuwan da ake mannawa a bayan majiyyaci na kwana biyu don gano ko jikinsa ba ya jituwa da turare.

Duk waɗannan hukunce-hukunce, na Rum da na ɗakunan bincike, an yanke su ne nesa da masu hawa bishiyar, waɗanda cinikinsu ke hawa da sauka da kowane ɗaya. El Salvador ta ayyana bishiyar cikin itatuwanta na ƙasa a 1939, amma ko wannan bai sauya sunan da ke jikin kwalba ba. A tsaunukan Sonsonate da La Libertad, har yanzu da wuta da tsumma da igiya ake fitar da ƙaron, kuma masu aikin ba su cika ambaton Peru ba. Balsam kawai suke ce masa.