Tseren Teku na 1968: Tara Suka Fita, Ɗaya Ya Kammala

Jama'a, mu nan Mawashi ruwan da muka sani bai wuce na damina da na dam ɗin Zobe ba, amma akwai wani tarihin teku da nake so ku ji.

A 1968 jaridar Sunday Times ta Ingila ta sa gasa: mutum shi kaɗai cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya zagaye duniya ba tare da ya yada zango ba. Mutum tara suka fita. Lokacin babu na'urar bin sawu, abin da ka faɗa ta rediyo shi duniya za ta ɗauka.

Donald Crowhurst ya ga jirginsa na yoyo, ya san guguwar tekun kudu za ta haɗiye shi, ga bashi na jiransa a gida. Sai ya maƙale a Atlantika yana aiko rahoton ƙarya wai ya yi nisa.

Ni wallahi Nigel Tetley ya fi ba ni tausayi. Shi da gaske ya ratsa guguwar, har ya doshi gida, sai ya ji wai Crowhurst na dab da shi. Ya yi ta matsa wa jirginsa da ya riga ya jigata, har ya nutse a Mayu 1969. An dai ceto shi. A Yuli aka tsinci jirgin Crowhurst ba kowa ciki, sai littattafan tafiyarsa da suka tona asirin.

Robin Knox-Johnston kaɗai ya kammala, bayan kwana 312. Fam 5,000 ɗin da ya ci, iyalan Crowhurst ya miƙa wa.