YADDA LABARI YA KE ISA KUTAMA A ZAMANIN DA

Ku yara 'yan makaranta, da ku ka tashi kuka tarar takarda a manne a bango, da rediyo a ɗaka, da waya a aljihu, mai yiwuwa ne ba ku taɓa tsayawa kun tambayi kanku ba, shin ƙaƙa kakanninmu su ke yi su san dokar sarki, ko su nemi jakinsu da ya ɓace, ko su sanar da jama'a suna da abin sayarwa? To, yau za mu ɗauki ƙaramin gari guda mu yi misali da shi, watau Kutama ta ƙasar Gwarzo, yamma da birnin Kano, wajen iyakar ƙasar Katsina. Abin da za mu faɗa game da ita haka ya ke a Getso da Lakwaya da Kabo da sauran garuruwan wannan yanki, gama duk hanya ɗaya labari ya ke bi ya iske su.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wannan yanki ba su faɗi maganar don wasa ba. A ƙarni na 19, bayan jihadi, Gwarzo da Ƙaraye suna cikin garuruwa masu ganuwa da su ke tsare Kano ta yamma, domin mahayan Maraɗi su kan kawo hari har cikin ƙasar. Mutumin da ya ke gona, in ya ji an buga gangami ko an yi kuwwa, ba ya tsayawa ƙarasa kuyya, sai ya kora dabbobinsa ya nufi ƙofar gari. Wanda bai ji ba kuwa, watakila a wata ƙasa zai kwana a ɗaure. Ashe ke nan sanarwa ta farko da mutanen nan suka sani ita ce ta tsira da rai.

In kuwa lokacin lafiya ne, maganar sarki tana da matakala, kamar tsani. Daga fada a ke gaya wa hakimi, wanda a zamanin nan a birni ya ke zaune. Hakimi ya tashi jakadansa zuwa ga dagaci, dagaci ya kira masu unguwanni, sa'an nan a sa mai shela, wanda a fada a ke kira sanƙira. Shi mai shela ba kowa a ke ɗauka ba. Sai mai murya, mai riƙe magana, wanda ba ya ƙari ba ya ragi. Ya kan jira almuru, lokacin da manoma suka komo gida, ko kuwa ya bari sai kasuwa ta cika ta batse. Ya tsaya a mararraba, makaɗi ya buga ganga har surutu ya lafa, sa'an nan ya ɗaga murya ya ce sarki ya gaishe su, bayan gaisuwa ya ce a gaya musu kaza da kaza. In ya ƙare sai ya rufe da cewa wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Ku lura da wannan jimla ta ƙarshe, gama ita ce ƙashin bayan al'amarin duka. Da zarar an faɗe ta, kowane mai kunne ya zama manzo, mata suna ji ta kan danga, yara suna kai wa ruga, ba wanda zai zo gobe ya ce ba a gaya masa ba.

Abin da a kan yi shela a kai yana da yawa. Akwai tsayuwar watan azumi da na salla. Akwai gayya ta gyaran ganuwa ko share hanya. Akwai kashedi ga masu dabbobi su ɗaure su in shuka ta fito, da ranar da za a saki gonaki bayan an kwashe amfani. Akwai kuɗin ƙasa da jangali. Kowanne daga cikin waɗannan, in mutum ya kuskure shi, ko ya yi tara ko ya yi hasara.

Sai kuma cigiya, wadda ita ce sanarwar talaka. Mutum ya wayi gari ba akuyarsa a turke, ko yaro ya ɓace a cikin cunkoson kasuwa. Sai ya je wurin sarkin kasuwa, ko ya ba mai shela ɗan abin goro, a zaga ana faɗin kamannin abin, da launinsa, da shaidar da ke kunnensa, da tukwicin da za a ba wanda ya gani. Wanda ya yi tsintuwa shi ma akwai nauyi a kansa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wanda malamai su ke karantarwa a zauruka a duk ƙasar Hausa, ya hukunta a yi shekara guda ana cigiyar mai abin a inda a ke tsammanin samunsa. Saboda haka ne a ke faɗin tsintuwa a ƙofar masallaci ran Juma'a, dabbar da ba a san mai ita ba kuwa a kai ta ƙofar dagaci a ɗaure inda kowa zai gani. Kun ga shari'a da kanta ta mai da sanarwa wajibi tun kafin a san jarida.

Haka kuma sha'anin aure da mutuwa. Ba a ɗaura aure a ɓoye. A kan raba goro gida gida, goron nan shi ne takardar gayyata. Ran ɗaurin aure waliyyai su zauna gaban shaidu, a faɗi sadaki a fili, maroƙi ya maimaita da ƙarfi domin na bayan taro su ji. In rigima ta taso bayan shekara goma, waɗannan kunnuwa su ne rajista. In an yi rasuwa kuma, tun a wurin jana'iza ko zaman makoki wani dattijo ya kan miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi, ko wanda mamaci ya ke bi, ya zo ya faɗa, domin ba a raba gado sai an biya bashi. Wannan fa ita ce ainihin sanarwar da lauyoyi su ke biyan kuɗi a buga musu a jarida a yau.

Talla ita ma da baki a ke yi. 'Yan mata su ɗauko faifai da ƙwarya su bi lungu suna kiran goro, ko ƙosai, ko fura, kowace da irin muryarta, har matar da ke tsakar gida ta kan san tallar gidan wane ce tun ba ta ga yarinyar ba. Mahauta kuwa da kalangu su ke tasu. In sarkin pawa ya yanka sa, makaɗinsa ya kama kiɗa, duk mai jin harshen kalangu ya san yau akwai nama a rumfa. Mai babbar haja, kamar doki ko riga, ba ya tallar kansa, sai ya ba dillali, dillali ya zaga da ita yana yabo, in ciniki ya faɗa ya karɓi la'ada. Mai magani ya shimfiɗa buzunsa a bakin kasuwa, ya tara mutane da ban dariya kafin ya kwance ƙunshinsa.

Kada ku zaci mu kaɗai muka yi haka. A Ingila ma kowane gari yana da mai shelarsa, sai dai shi ƙararrawa ya ke kaɗawa maimakon ganga, aure kuma sai an faɗe shi a coci Lahadi uku a jere. Jaridar gwamnatinsu ta sanarwa, wadda a ke kira London Gazette, sai a 1665 aka fara ta. Bambancinmu da su shi ne, su takarda ta riga ta karɓi aikin kafin su zo ƙasarmu, suka zo mana da ita a hannu.

Turawa suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Gwamna Lugga yana ta fitar da dokoki a rubuce da Turanci, amma talakan Kutama ba zai san da su ba sai sun bi tsohon tsanin nan sun sauko. Wajen 1908, zamanin Razdan Kagil, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, aka yanka ƙasar Kano gunduma gunduma, aka ce hakimai su bar birni su koma cikin ƙasarsu da zama, aka kawar da jakadu. Gwarzo ta zama mazaunin hakimi, sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta kuma ta daɗe tana riƙe da ita. Daga nan tsani ya ragu da mataki guda. Takarda ta kan fito daga Kano da Larabci ko ajami, daga baya da boko, ɗan aike ya kawo ta Gwarzo, malamin hakimi ya karanta, a aika wa dagatai, mai shela ya fita da ganga kamar yadda ubansa ya yi.

Amma abin da ya ke faɗa ya sake. Yanzu haraji da kuɗin Turawa za a biya, ba da wuri ba, gama tun 1904 aka hana shigo da wuri ƙasar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, sai shela ta koma ta ranar fara awo, da ranar raba irin auduga, da ranar da dole kowa ya tumɓuke karan audugarsa ya ƙone saboda ƙwari. Ga zuwan masu lamba, ga masu allurar shanu, ga ƙidayar mutane ta 1921 da ta 1931. Da yaƙin Hitila ya tashi a 1939, ta bakin mai shela aka nemi soja, daga 1942 zuwa 1944 kuma ta bakinsa aka ji za a ɗebi mutane a kai su haƙar kuza a Jos ko suna so ko ba sa so.

A nan ne ya kamata mu faɗi gaskiya game da aibin shela. Magana ta baki, wanda ya ke riƙe da tsani shi ya ke zaɓen abin da zai sauko. Dokar da ta ce a biya ba ta taɓa ɓata a hanya ba. Dokar da ta ce an sauƙaƙa kuwa, ita ta kan yi nauyin ƙafa. Ga misali. A 1901 aka yi doka cewa duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar nan ɗa ne, ko da iyayensa bayi ne. Wannan babbar magana ce, amma waɗanda za su isar da ita su ne masu bayi da rumada, don haka ba a yi ta buga mata ganga a kasuwanni ba. Bayi da yawa suka ci gaba da biyan murgu, wanda ya fanshi kansa ya je gaban alƙali a rubuta masa takardar 'yanci ya ɗinke ta cikin fata kamar laya. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungum a Arewa. Haka kuma haraji. Mutumin da ba ya karatu, in an miƙa masa rasiɗi, bai san ko abin da ya biya shi aka rubuta ba. Rashin sani, in ji masu magana, ya fi dare duhu.

Sannu a hankali takarda ta fara zuwa hannun mutane ba ta tsani ba. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta fara fitar da malamai masu boko, daga baya aka yi elementare a garuruwan hakimai. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita, ana sayar da ita kwabo guda. Kofi ɗaya in ya iso gari ya kan zaga hannu da yawa. Malamin makaranta ko malamin haraji ya zauna a dakali ya karanta da ƙarfi, mutane su kewaye shi, su ji labarin yaƙi, da sanarwar gwamnati, da tallar kayan kamfanoni. Watau jaridar ma sai da ta nemi mai shela. Bambancin shi ne, wannan karon duk yaron da ya yi aji uku yana iya karɓa ya duba ko an tsallake layi. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, har aka yi wa lardin Kano ƙaramar jarida tata mai suna Sodangi, domin manya da suka koyi karatu da yamma su sami abin karantawa.

Akwai wani abin sha'awa da ya haɗa ƙasar Gwarzo da sabuwar shela ta iska. Lokacin yaƙin nan, daga Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wadda yanzu a ke kira Ghana, a ke watso labaru da Hausa, masu karantawa kuwa su ne Malam Isa Kaita da Malam Bello Ɗandago. Shi Bello Ɗandago daga baya ya zama Sarkin Dawaki Mai Tuta, ya kuma wakilci mutanen ƙasar Gwarzo a majalisar Ikko. Mutumin da ya yi wa Arewa duka shela ta bakin akwati, shi ne ya zo ya riƙe sarautar da masu shelar Kutama su ke isar da saƙonta. Bayan an buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, ƙaramar rediyo mai batir ta bazu a ƙauyuka, cigiya da sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure suka sami sabuwar hanya.

Duk da haka mai shela bai mutu ba. Lasifikar masallaci ta gaje shi, mai yawo da amsa-kuwwa a kan babur ya gaje shi, har yanzu kuma in za a yi rigakafi a ƙauye sai an bi ta kan hakimi da dagaci da mai unguwa. Dalili kuwa shi ne, shela tana da abin da takarda ba ta da shi, watau fuska da shaidu. Kowa ya san wanda ya faɗa, ya san gidansu, in ya yi ƙarya ba shi da wurin ɓuya. Takarda kuma tana da abin da shela ba ta da shi, gama ita ba ta mantuwa, ba ta kuma jin tsoron mai sarauta.

Saboda haka, ku 'yan makaranta, ga aikinku. In kun koma gida hutu, ku nemi tsofaffin garinku ku tambaye su wa ya ke yin shela a zamaninsu, ina ya ke tsayawa, me ya ke cewa, ku rubuta kafin su tafi da shi. In kuma takarda ta zo gidanku, ta kotu ce ko ta gona ko ta bashi, ku zauna ku karanta wa iyayenku ita daga farko har ƙarshe, kada ku ƙara, kada ku rage. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya sa kunnuwanmu su riƙa jin alheri, amin.