Tsaron hanyoyin intanet da rabon zirga-zirgar bayanai

Duk saƙon da ya bar waya ko kwamfuta yakan ratsa na'urori da dama kafin ya isa inda aka tura shi. Waɗannan na'urori, wato rauta da manyan suwici masu iya zaɓen hanya, suna sanar da juna hanyoyin da suka sani ta wasu ƙa'idoji. Ana amfani da OSPF a cikin cibiyar kamfani ɗaya, BGP kuma tsakanin kamfanonin sadarwa daban-daban.

An fitar da BGP a 1989, lokacin da masu hulɗa da intanet ba su da yawa, don haka an gina ta bisa yarda: idan wata na'ura ta ce adireshi kaza yana wajenta, sauran sukan amince. A watan Fabrairun 2008, kamfanin Pakistan Telecom ya so toshe YouTube a cikin ƙasarsa, amma sanarwar ta fita waje, shafin ya yanke a sassan duniya na kusan awa biyu. A ranar 12 ga Nuwamban 2018 kuma, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Najeriya ya karkatar da wani ɓangaren zirga-zirgar Google ta China da Rasha na fiye da awa ɗaya.

Matakan kariya uku ne suka fi yaɗuwa. Na farko, a sa kalmar sirri tsakanin na'urori maƙwabta, domin baƙuwar na'ura ba za ta iya cusa hanyar ƙarya ba. A da MD5 ake amfani da shi, yanzu an fi ba da shawarar HMAC-SHA. Na biyu, a tace sanarwar abokan ciniki, kada a karɓi adireshin da ba nasu ba. Na uku shi ne RPKI, inda mai adireshi ke sa hannu na lantarki kan wanda ya halatta ya sanar da su. A Afirka ana yin wannan rajista ta hukumar AFRINIC da ke Mauritius.

Rabon zirga-zirga kuwa shi ne kada a ɗora duk kaya a kan layi ɗaya. Da ECMP, na'ura na raba bayanai tsakanin hanyoyi masu tsada ɗaya. Da LACP kuma, ana ɗaure igiyoyi da yawa su zama kamar layi guda. Na'urar tana duba adireshin mai aikawa da na mai karɓa, ta ajiye kowace tattaunawa a hanya ɗaya don kada ƙullin bayanan su iso a hargitse. Saboda haka babban fayil guda ba ya samun saurin duk igiyoyin a haɗe.

Amfanin hanya ta biyu ya bayyana a ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Cote d'Ivoire, intanet ta yi rauni a Afirka ta Yamma. Ga ƙasashe marasa gaɓar teku irin su Nijar da Chadi, waɗanda layukansu ke bi ta maƙwabta, samun hanyar da ba ta dogara da igiya ɗaya ba shi ne ke hana yankewa baki ɗaya.