Runduna ta 5 ta Baraden Baƙar Fata a Yaƙin Basasar Amurka (1864–1866)

Yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865, ya tashi ne a kan maganar bauta. Jihohi 11 na Kudu suka ɓalle suka kafa tasu gwamnati, jihohin Arewa kuwa suka tsaya a kan haɗin ƙasa a ƙarƙashin shugaba Abraham Lincoln. Kafin a gama yaƙin, baƙar fata wajen 180,000 sun sa kakin sojan Arewa. Galibinsu dakaru ne, wato sojan ƙasa, kaɗan ne aka ɗora bisa dawaki. Cikin waɗannan kaɗan akwai Runduna ta 5 ta Baraden Baƙar Fata, wadda aka tara a jihar Kentaki. Tarihinta gajere ne, amma akwai abin lura a cikinsa ga mai bincike: an kai mutanenta fagen fama tun ba a gama rubuta sunayensu ba, shi ya sa masana suka daɗe suna gardama a kan yawan waɗanda aka kashe daga cikinsu.

1. Asalin rundunar

Kentaki jiha ce ta masu bayi, amma ba ta bi masu ɓallewa ba. Saboda haka shelar ƴanta bayi da Lincoln ya yi ran 1 ga Janairu 1863 ba ta shafe ta ba, domin shelar ta tsaya ne ga jihohin da suka yi tawaye. Sai a 1864 aka buɗe wa bayin Kentaki ƙofar shiga soja, kuma duk bawan da aka ɗauka ya fita daga bauta. Nan da nan bayi suka riƙa gudowa daga gonakin iyayengijinsu zuwa Sansanin Nelson, inda aka ɗauki fiye da mutum 10,000. Daga cikinsu aka fitar da wannan runduna. Hafsoshinta duka farar fata ne, kuma Kanal James Brisbin aka ɗora wa aikin haɗa ta.

2. Harin Saltville

Saltville gari ne mai rijiyoyin gishiri a kudu maso yammacin jihar Bajiniya. A wancan zamani da gishiri ake adana naman da soja ke ci, kuma a 1864 wannan gari shi ne babbar madogarar Kudu wajen samunsa. A ƙarshen Satumba Janar Stephen Burbridge ya tashi daga Kentaki da soja kimanin 5,000 don ya rushe wurin, ya tafi da mutum wajen 600 na sabuwar rundunar. A lokacin ba a kafa ta a takarda ba tukuna, sai ran 24 ga Oktoba aka yi haka. An ba su dawakin da ba su saba da yaƙi ba, da dogayen bindigogin dakaru waɗanda ba a iya ɗura su a kan sirdi. A hanya kuma sojoji farar fata suka yi ta yi musu ba'a da zagi.

Ran 2 ga Oktoba aka gwabza. Mutum wajen 400 na rundunar suka sauka daga dawaki, suka hau tudun Chestnut a ƙafa tare da baraden Ohayo da na Mishigan, suka ture ƴan Kudu daga maɓoyarsu. Da yamma harsashi ya ƙare, Burbridge ya ja da baya cikin dare, ya bar masu rauni da yawa a filin. A rahotonsa Brisbin ya ce soja 114 da hafsoshi 4 ne aka kashe ko aka raunata. Ya ce kuma a kan hanyar komowa masu ba'a sun yi shiru, kuma ya ga masu munanan raunuka suna maƙale da sirdi, sun gwammace wahalar tafiya da a bar su hannun abokan gaba.

Tsoronsu yana da dalili. Tun a watan Mayu 1863 majalisar Kudu ta yanke cewa baƙar fatan da aka kama da makami ba fursunan yaƙi ba ne, bawa ne mai tawaye. Da gari ya waye ran 3 ga Oktoba, waɗansu sojojin Kudu da ƴan sari-ka-noƙe na Champ Ferguson suka bi filin suna harbe baƙar fata masu rauni. Kwanaki kaɗan bayan haka aka shiga asibitin da aka buɗe a kwalejin Emory da Henry aka kashe waɗansu a kan gadajensu.

3. Ragowar hidimarta

A watan Disamba 1864 rundunar ta koma Bajiniya a ƙarƙashin Janar George Stoneman. Ta yi faɗa a Marion ran 17 da 18 ga wata, sa'an nan ran 20 da 21 aka ci Saltville, aka farfasa tukwanen dafa gishiri. Ran 25 ga Janairu 1865 kuma, ƴan sari-ka-noƙe suka yi wa soja wajen 80 na rundunar kwanton ɓauna kusa da Simpsonville, suna kora shanu zuwa Louisville, aka kashe 22. Iyalansu ma ba su tsira ba: a watan Nuwamba 1864 an kori mata da yara wajen 400 daga Sansanin Nelson cikin tsananin sanyi, fiye da 100 suka mutu. Sai ran 3 ga Maris 1865 majalisar Arewa ta ƴanta matan sojoji baƙar fata da ƴaƴansu. An sallami rundunar a Helena, jihar Arkansas, a watan Maris 1866.

4. Matsalar ƙidaya

Bayan yaƙi kotun soja ta yi wa Ferguson shari'a a Nashville, aka rataye shi ran 20 ga Oktoba 1865. Janar Felix Robertson kuwa, wanda aka zarga da hannu a kisan, ba a taɓa gurfanar da shi ba har ya rasu a 1928.

A farkon shekarun 1990 William Marvel ya duba takardun rundunar, ya ce waɗanda aka kashe bayan faɗan Saltville ba su wuce 12 ba. Daga baya Thomas Mays ya sake bin takardun, ya gwama su da shaidar sojojin Kudu da suka ga abin da idonsu, ya kai adadin 46. Tushen saɓanin shi ne halin da rajistar take ciki. An cika ta bayan faɗan, a gaggauce, an rubuta “ya ɓace” a gaban sunaye da yawa, kuma ɓacewa tana iya nufin mutuwa, ko kamu, ko gudu. Su kansu sojojin galibinsu ba su iya rubutu ba, ba su bar wasiƙu masu yawa kamar takwarorinsu farar fata ba. Abin da aka sani game da su ya fito ne daga alƙalamin hafsoshinsu, da na abokan gabarsu, da na magatakardan kotu. Wanda ya mutu a tudun Chestnut kafin a shigar da sunansa, babu takardar da za ta ƙidaya shi.